Lambar madadi a maimakon lambar kati: amsa ga wani mai sayar da kayan fata a Damagaram

Wani Alhaji mai sana'ar kayan fata a unguwar Birni, nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Bayan cinikin shago, yana aika jakunkuna da takalma da tumtum ga 'yan sari a Yamai da Abijan da Faransa, kuma na waje da katin Visa ko Mastercard suke biya. Wasunsu kan turo masa hoton katinsu gaba da baya ta WhatsApp, yaron shago ya kwafe lambobin a littafi, duk ranar da aka yi oda ya shigar da su a shafin kamfanin da ke karɓar masa kuɗi. Yanzu kamfanin ya ba shi shawarar komawa tsarin da ake musanya lambar kati da lambar madadi, wadda ma'aikatan banki ke kira tokin, a kan ƙarin jika 15, wato sefa 15,000, kowane wata. Yana son ya san ko abin ya kai kuɗinsa, ko kuwa dabara ce kawai ta ƙara masa kamasho.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a cikin nema. Shawarata ita ce ka karɓi tsarin idan cinikinka na kati yana da yawa, amma kada ka sa hannu a kwantiragi sai ka samu amsar wasu tambayoyi da zan kawo a gaba. Kafin mu kai can, akwai abin da ya fi jika 15 ɗin nan tayar mini da hankali a bayaninka, wato littafin yaronka da hotunan katunan mutane da ke kwance a salularka. Wannan shi ne na gaggawa, ko ka shiga sabon tsarin ko ba ka shiga ba.

Lambar da ke jikin kati, wadda galibi guda 16 ce, a tsare take: shida ko takwas na farko suna nuna bankin da ya ba da katin, na tsakiya suna nuna asusun mai shi, ta ƙarshe kuma da ita ake gane ko an rubuta sauran daidai. Aibinta shi ne ba ta san mai ita ba. Duk wanda ya haɗa ta da watan ƙarewar katin da lambobi ukun nan na baya, yana iya sayayya da ita a shagunan intanet da dama daga kowace ƙasa, ba tare da ya taɓa riƙe katin a hannunsa ba. Shi ya sa ƙa'idar PCI DSS, wadda manyan kamfanonin kati suka fitar tun 2004 kuma ta hau kan duk mai karɓar kuɗi da kati komai ƙanƙantar shagonsa, ta haramta ajiye lambobi ukun baya da zarar an gama ciniki, ko da mai katin ne ya ce a ajiye. Kai kuwa kana da su a wuri biyu, a takarda da a waya. Salula takan faɗi a kai ta wurin mai gyara ta kwana biyu a hannunsa, yaron shago yakan bar aiki, littafi yakan kwana a kan teburi ana shige da fice. Ranar da aka kwashe kuɗin wani mai sayenka na Faransa, bankinsa zai bi sawun wuraren da katin ya ratsa, kuma idan sawun ya tsaya a ƙofarka ana iya cin ka tara, ana iya rufe maka hanyar karɓar kati gaba ɗaya. Ban da wannan, Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma lambar katin mutum tana cikin bayanan da ake tambayar wanda ya ajiye su.

Kada ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke ci. A ƙarshen 2013 ɓarayin intanet sun kwashe bayanan katuna kusan miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kamfanin da yake da ma'aikatan tsaro da na'urorin da babu ɗan kasuwarmu da zai iya saye. Abin da masu harkar kati suka fahimta a lokacin shi ne muddin lambar gaskiya tana zaune a dubban shaguna, wani shagon sai an fasa shi. A watan Maris na 2014 kamfanin EMVCo, wanda Visa da Mastercard da American Express da Discover da JCB da UnionPay suka mallaka tare, ya fitar da ƙa'idar lambar madadi. A shekarar Visa da Mastercard suka buɗe nasu tsarin, Apple Pay kuma ya fara aiki a kansa a watan Oktoba.

Ga yadda abin zai gudana a shagonka. Mai saye a Abijan zai buɗe shafin biyan kuɗi da ka tura masa, ya rubuta lambar katinsa da hannunsa sau ɗaya tak. Kamfanin da ke karɓar maka kuɗi zai miƙa ta ga Visa, Visa ta nemi yardar bankin da ya ba da katin, sannan ta ƙirƙiro wata lamba dabam, ita ma guda 16, ta ɗaure ta da shagonka kaɗai. Lambar gaskiya tana zama a ma'ajiyar Visa, ta madadin ita ce ke zama a wajen kamfaninka, kai kuma abin da za ka gani a allon kwamfutarka bai wuce tambarin katin da lambobi huɗu na ƙarshe ba. Idan mai sayen ya dawo wata mai zuwa ya yi odar jakunkuna talatin, lambar madadin ce za ta tashi, tare da wani hatimin sirri da ake ƙirƙira domin wannan cinikin kaɗai, sai ta isa Visa a mayar da ita ta gaskiya a miƙa wa bankinsa. Duk wannan cikin daƙiƙu kaɗan ake gama shi. Misalinta kamar ɗan katin da mai gadin babura yake ba ka a bakin Kasuwar Dole ne: a wurinsa yana fitar da babur, amma idan aka kai shi wurin wani mai gadin a Zango, guntun kwali ne kawai. Ɓarawon da ya sace lambar madadin shagonka ba zai iya sayen tikitin jirgi da ita ba, ba zai iya sayar da ita ga kowa ba.

Akwai wata riba da ba ta shafi sata ba, kuma a ganina ita za ka fi ji a aljihunka. Kati yana da wa'adi, yana ɓata, ana sauya shi. A tsarin littafi, duk lokacin da katin ɗan sari ya ƙare sai biya ya ƙi wucewa, ka kira shi, ya ce yana tafiya, kaya su zauna a ɗaure mako guda a tasha. Lambar madadin da Visa ko Mastercard suka bayar tana bin asusun mutum ne, don haka idan bankinsa ya ba shi sabon kati, a can ma'ajiyar ake gyara bayanin, taka lambar ta ci gaba da aiki. Bankunan waje kuma, waɗanda sukan yi ɗari-ɗari da cinikin da ya fito daga ƙasar da mai katin bai saba sayayya a cikinta ba, sun fi sakin jiki da lambar da su da kansu suka amince a ƙirƙira.

Yanzu ga tambayoyin da za ka yi wa kamfanin, kuma ka nemi amsa a rubuce. Lambar madadi iri biyu ce a kasuwa, masu talla kuwa ba kasafai suke bambanta su ba. Akwai wadda kamfanin karɓar kuɗi yake ƙirƙira da kansa, ya ajiye lambar gaskiya a rumbunsa, ya ba ka wata alama da shi kaɗai ya san ma'anarta. Wannan tana raba ka da ɗaukar lambobin mutane, kuma ta fi littafi nesa ba kusa ba, amma bankin mai kati bai san da ita ba, kuma ba ta sabunta kanta idan an sauya kati sai an haɗa ta da wata hidima dabam. Ɗayar ita ce ta Visa da Mastercard da na bayyana. Ka tambaye su wacce suke sayar maka. Sannan ka tambaye su da sunan wa aka yi rajistar lambobin, domin kowace lambar madadi tana ɗaure ne da shaidar wanda ya neme ta. Idan da sunan kamfanin ne, ranar da kuka ɓata ko ka samu mai rahusar kamasho, lambobin ba za su bi ka ba, sai kowane mai saye ya sake shigar da katinsa. Ga mai 'yan sari ashirin wannan ba tashin hankali ba ne, amma gara ka san shi tun yau.

Ka kuma tambaye su abin da suke yi da katin da tsarin bai hau kansa ba. Ba a ƙirƙirar lambar madadi sai bankin mai katin ya shiga tsarin. Haka nan katin da ke ɗauke da tambarin GIM-UEMOA kaɗai, wato cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta Yammacin Afirka, wadda aka kafa a 2003 take da mazauni a Dakar, ba ta hanyar Visa ko Mastercard yake bi ba. Cinikin da ake yi maka ta Airtel Money ko Nita ko Amana ba ya cikin wannan magana ko kaɗan, haka ma wanda ya tsaya a shago ya sa katinsa a na'urar karɓar kati ta TPE ya danna lambar sirri.

Abin da tsarin ba ya yi shi ma ya kamata ka sani, don kada ka saki jiki fiye da kima. Lambar madadi tana kare katin da aka riga aka ajiye, ba ta tantance maka ko baƙon da ya shigar da kati yau shi ne mai shi. Wannan aikin 3-D Secure ne, wato saƙon da bankin mai kati yake tura wa wayarsa ya tabbatar kafin kuɗi ya fita. Ka dage a kunna shi a kan duk sabon mai saye, domin cinikin da ya bi ta wannan tantancewa, idan daga baya aka ce na sata ne, galibi asarar tana komawa kan bankin da ya ba da katin. Sannan mai kati yana da damar ƙalubalantar ciniki, a mafi yawan lokuta har kwana 120, ya ce kaya ba su iso ba ko ba su ne ya yi oda ba. A nan babu lambar da za ta tsaya maka sai takardar aika kaya, da hoton kayan kafin a ɗaure, da saƙon da ya ce sun iso.

Batun jika 15 kuwa lissafi ne mai sauƙi. Idan cinikinka na kati yana kai sefa miliyan 2 a wata, kuɗin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma oda ɗaya da ta wuce maimakon ta maƙale ta biya shi. Idan kuwa bai wuce jika 300 ba, ka ga ya zama kashi 5 cikin 100 a kan kamashon da kake biya dama, wanda ya yi yawa. A wannan hali kada ka ajiye katin kowa ta kowace hanya: ka riƙa tura wa mai saye mahaɗin biya duk lokacin da ya yi oda, ya shigar da katinsa da kansa. Ko ma cinikin naka yana da yawa, ka taya, domin kamfanoni da dama a duniya suna haɗa wannan hidima a cikin kamashonsu ba tare da kuɗin wata ba, kuma su ma suna cin ribar raguwar cinikin da ake ƙi. Kana da abin riƙewa a wajen tayin, tunda harkar can ta nufa da kai ko babu kai: babban bankin Indiya ya hana 'yan kasuwa ajiye lambobin kati tun 1 ga Oktoba 2022, Mastercard kuma ta sanar a 2024 cewa tana son a daina rubuta lambar kati da hannu a sayayyar intanet kafin 2030.

Idan kun daidaita, kada yaronka ya kwashe lambobin littafin ya zuba su a sabon tsarin. Kowane ɗan sari ya shigar da katinsa da kansa, ya kuma amince a shafin cewa a ajiye shi, tare da bayanin ko kana da izinin cire kuɗi idan ya yi oda ta waya ko sai ya danna da hannunsa. Bayan haka ka ƙona littafin a gabanka, ka goge hotunan daga WhatsApp da ma'ajiyar hotunan salularka da ta yaron, har da kwafin da wayar take ajiyewa a intanet. Waɗanda hoton bayan katinsu ya daɗe a hannunka, ka gaya musu gaskiya, ka ba su shawara su nemi sabon kati a bankinsu. Shafin kamfanin kuma kowane ma'aikaci ya samu nasa sunan shiga da kalmar sirri, ikon mayar wa mai saye kuɗi ya tsaya a hannunka kai kaɗai.