Ƙafar 27.5 za ta shiga firam ɗin inci 26?

Kana tambaya ko za ka iya sa ƙafa mai inci 27.5 a bayan kekenka na hawan dutse mai shokozoba, wanda aka ƙera wa 26. Za ta iya shiga, amma sai in birkinka na faifai ne kuma akwai sarari. Rim ɗin 26, in an auna da'irarsa daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, milimita 559 ne, na 27.5 kuwa 584, wato taya za ta ƙara matsowa kusa da firam da rabin bambancin, milimita 12.5. In birki mai kama rim ne, ka haƙura, robar birkin ba za ta kai kan sabon rim ɗin ba.

Kada ka yarda da abin da ka gani keke na tsaye. Ni haka na ruɗu: ƙafa ta juya sumul, ina dirowa wani gangare sai na ji ƙuuu, taya ta goge fentin bututun sirdi. Ka sace iskar shokozoba duka, ka danna sirdi har ƙasa, sannan ka duba. In ɗan yatsanka bai ratsa tsakanin taya da bututun ba, nemi siririyar taya ko ka bar ta a 26, don laka ma tana son nata wurin. Feda kuma za ta ɗan ɗaga sama, za ka ji shi a kwana.