Amsar Kawu kan layin jiran motar lantarki

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, ina gareji ne a Tudun Wada, in kun ji ƙarar guduma kada ku damu.

Ɗana, na saurari saƙonka na jiya da dare. Ka ce ka ba wani eja da ke Abuja kafin alƙalami a kan motar lantarki 'yar China, ya ce wata uku, yanzu ana neman wata takwas. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai kana kan layi, ga shi kuma ya ce farashi ya tashi sai ka cika. Kana tambaya ka jira ko ka karɓi kuɗinka. Wallahi na ji ɓacin ran a muryarka, kuma ba laifinka ba ne. Kuɗin gumi ne.

To bari in fara da layin kansa, don kada wani ya ɗauka duk mai cewa a jira ɗan damfara ne. A'a. Layin gaske ne, kuma manyan kamfanoni sun sa mutanensu sun sha jira. A ƙarshen watan Maris na 2016 Tesla, mai ƙera motar lantarki a Amurka, ta nuna motarta Model 3, ta ce mai so ya ajiye dala 1,000. Cikin mako guda mutum sama da 300,000 suka ajiye. Motocin farko sai Yulin 2017 suka fito, su ma 'yan kaɗan, ita kuwa mai arahar da aka yi ta talla a kan dala 35,000 sai 2019. Cybertruck ɗin nan mai kusurwa-kusurwa, ita ma motar Tesla ce, an nuna ta a Nuwamban 2019, aka karɓi dala 100-100, aka ce 2021, aka ce za ta fara daga dala 39,900. Ba a fara miƙa ta ba sai ƙarshen Nuwamban 2023, kuma farashin da aka sanar ya haura dala 60,000. Shekara huɗu fa! A China ma, da Xiaomi, masu wayar nan, suka fitar da motarsu YU7 a Yunin 2025, kamfanin ya ce cikin minti uku an yi oda 200,000. Mutane suka biya yuwan 5,000 wanda ba a mayarwa in an kulle oda, sannan suka ga jiran wasu ya kai shekara guda. Ƙorafi ya yi ta tashi.

Abin da ke kawo haka ba ɓoyayye ba ne. Masana'anta tana da iyakar abin da za ta iya haɗawa a wata, batir shi ne ya fi komai tsada da wahalar samu, a 2021 kuma aka yi ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin kwakwalwar mota har masana'antu suka riƙa tsayar da aiki. Amma sashen talla ba ya tsayawa karɓar oda, don yawan masu jira shi ma talla ne, da shi ake jan masu zuba jari. Kamar telan sallah ne da ke ta karɓar yadi alhali ya san kekensa ɗaya.

Sai dai ga inda nake so ka buɗe kunne, ɗana. Mutumin Amurka ko na China da ke jira, sunansa yana kwamfutar kamfanin da ke ƙera motar. Yana da lambar oda, yana buɗe waya ya ga inda aka kwana. A Tesla ma waɗancan kuɗin ajiyar na Model 3 da Cybertruck ana mayarwa in mutum ya fasa. Kai fa, sunanka yana ina? A littafin eja. Shi ejan wataƙila yana kan layin wani dila a China, dilan kuma yana kan layin kamfani. To wane layi ne ake ce maka kana kai? Ka taɓa ganin takarda mai tambarin masana'anta da sunanka ko nasa? In babu, cinikin biri a sama kuka yi.

Mu da muka daɗe a harkar shigo da mota, abu biyu muke tambaya, kuma ba a iya yi mana dogon turanci a kansu. Na farko lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, motar da aka riga aka ƙera ba ta rasa su. Wanda ya ce motarka ta fito amma bai da wannan lambar, motar ba ta fito ba. Na biyu takardar lodin jirgi. In ya ce tana kan ruwa, ya turo maka ita, akwai sunan jirgi, lambar kwantena da tashar da za a sauke, Apapa ko Tin Can. Da lambar kwantenar kai kanka za ka shiga intanet ka ga inda take. Na sha zama da mutane a nan garejin, su buɗe waya su nuna min hoton mota fes a cikin leda, wai an turo musu hujja. In ce su matso da hoton mu ga lambar da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, sai ka ga daidai wurin ne hoton ya yanke.

Batun ƙarin farashi kuma shi ne ya fi ci min rai. Mun san halin Naira. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen 460, a 2024 ta wuce 1,500, kuɗin fito na kwastan kuma da canji ake lissafa shi. Saboda haka eja zai iya yin asara da gaske in bai yi hattara ba. Amma ka tambaye shi, ranar da ka ba shi kuɗin, ya canza su ya tura ko ya juya su a wata harkar? In ya tura, kasonka ya riga ya zama dala tun ranar, tashin canji bai shafe shi ba. In bai tura ba, to wata takwas yana kasuwanci da kuɗinka, ba riba ba godiya, yanzu kuma kai ne za ka biya kuɗin jinkirinsa. Ina adalci a nan?

Malamanmu na wannan zaure sun fi ni sani, su gyara min, amma tun muna zaure aka karantar da mu cewa in za a biya kuɗi a kan kayan da bai zo ba, dole a san siffarsa, a san adadinsa, a san ajalinsa. Hadisin Ibn Abbas ne a kan cinikin salam, wato biyan kuɗi kafin kaya su zo. Ajali sananne. "Kana kan layi" ba ajali ba ne.

Kuma kada wanda ya ce maka ai da ma wa ya aike ka sayen motar lantarki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke neman mafita, a Maiduguri gwamnati ta sa motocin lantarki suna ɗaukar fasinja. Kai da ka riga ka sa sola a gidanka na Tumfure, zirga-zirgarka kuma cikin gari ce, wani lokaci Bauchi, tunaninka daidai ne. Sai dai ka sa a ranka kowane watan da ka ƙara a layi, kana shan mai ne a farashin yau da kuɗin da ka ce za ka adana.

Ga abin da nake ganin ka yi. Ka daina kiran waya, ka rubuta masa, don magana ta zauna a rubuce. Ka ba shi mako biyu ya kawo lambar shasi da takardar lodi. In ya kawo, ku zauna gaban lauya da shaidu biyu a rubuta rana, a rubuta farashin ƙarshe har da fito da kuɗin ɗauko ta zuwa Gombe, a rubuta garantin batir, a rubuta cewa in ranar ta wuce kuɗinka za su dawo cif. In ya kasa, ka nemi kuɗinka, in ya yi gardama akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, akwai kotu. Rasit ɗin da alat na banki da duk saƙonninku ka adana su, kada ka goge ko ɗaya. Ko sisi kada ka ƙara masa kafin nan.

Ka turo min hoton rasit ɗin ta gefe yau in duba abin da aka rubuta a kan mayar da kuɗi. Ranar Asabar bayan la'asar ka same ni a gareji mu kira shi tare, ka sa wayar a sifika.