Kafin ka ci bashin inji, nawa kujera ɗaya take cin maka?

Tambaya: Shekarata tara da shagon kafinta, ina da yaran shago shida. Na ga kujerun ƙasar Norway a intanet, musamman wata ta yara mai suna Tripp Trapp, na kuma ga tsadarta. Ina so in ci bashi in sayi inji, in riƙa kwaikwayon irinsu kamar kala 15. A yanzu duk abin da mai saye ya nuna min a waya shi nake yi. Ciniki akwai, amma kuɗi ba sa zama.

Amsa: Malam, ajiye maganar inji tukuna. Ciwon yana cikin maganarka ta ƙarshe. Mai yin duk abin da aka nuna masa a waya bai taɓa yin kujera iri ɗaya sau biyu ba, don haka bai san abin da kujera ɗaya take ci ba. Farashi da ka yake yanka shi. Kai kuma kana so ka ɗora kala 15 da bashi a kan wannan.

Farashin kujerar ka gani, ba ka ga shekarun da ke bayanta ba. Kamfanin Stokke da ke yin ta an kafa shi a 1932 a yankin Ålesund, kuma kujerun motocin bas na cikin abin da ya fara da su. Sai a 1972, bayan shekara 40, ya fitar da Tripp Trapp, wadda Peter Opsvik ya zana da ya ga ɗansa ya girmi kujerar jarirai amma bai kai ta manya ba. Fiye da shekara 50 ke nan ana yin ta da siffa ɗaya, an sayar da miliyoyi. A 2006 ma kamfanin ya ware sauran kujerunsa na manya suka koma ƙarƙashin wani kamfani daban mai suna Varier, ya tsaya kan kayan yara. Ragewa suka yi, kai kana neman ƙari. Haka kamfanin Ekornes na garin Sykkylven a Norway: da sifirin na katifa da kujeru Jens Ekornes ya fara a 1934, kujerarsu Stressless ba ta fito ba sai 1971.

Dubi yadda aka gina Tripp Trapp ɗin. Ƙafafu biyu ne a karkace, an tsaga musu layuka a ciki. Allon zama da allon taka ƙafa suna shiga cikin tsagar, a ɗaga su ko a sauke su gwargwadon girman yaro, sanduna na ƙarfe da noti su matse komai. Duk sirrin yana cikin tsagar nan. In ta fi kaurin allo da milimita ɗaya ko biyu, allo zai yi rawa, kuma ɗan mutane ne a kai. Su da busasshen katako mai tauri suke aiki. Kai in ka ɗauko ɗanyen katako da damina ka tsaga, hunturu na kamawa zai tsuke, gaɓoɓi su saki, a dawo maka da kaya. Inji ba ya busar da katako. Ga shi kuma kamfanin Stokke ya sha kai masu kwaikwayon kujerar kotu a Turai. Dabarar za ka koya, ba hotonta za ka kwafa ba.

Abin da ke cinye masu irin shagonka a bayyane yake. A karɓi kafin alƙalamin aikin yau a ƙarasa na makon jiya da shi. Kowane sabon kala yana barin guntayen katako da ba za su shiga wani aiki ba, yara su ɓata kwana biyu suna lalube, kuskure ɗaya ya cinye ribar kujera uku. Ba wanda ya rubuta, don haka ba wanda ya gani.

Ga aikinka. Duba abin da aka fi nema a wurinka a shekara biyun nan, ka zaɓi guda ɗaya. Yanka samfurin kowane ɓangarensa a filawud, ka rubuta awo a jiki, ka rataye a bango, kowane yaro da shi zai yi aiki. Sayi katakon da wuri, ka jera shi a inuwa da tsinke tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa. Sai ka yi guda 20 a jere. A littafi rubuta katako, gam, ƙusa, samfefa, fenti, man janareta, kuɗin mota, ladan yara, da ladanka kai kanka, wanda na tabbata ba ka taɓa sa shi a lissafi ba. Ƙara kashi 10 cikin 100 na ɓarna, ka raba jimlar gida 20. Wannan shi ne kuɗin kujerarka. In farashin da kake sayarwa bai haura shi da ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, ko dai ka gyara farashi ko ka canja kaya.

Ka maimaita haka sau uku. Littafin zai nuna maka matakin da ya fi cin lokaci, yanka ne, tsaga ce, ko guga. Injin wannan matakin kaɗai za ka saya, kuma daga ribar kujeru 60 ɗin, ba da bashi ba.