Matata Tana Azumi Don Ta Rage Ƙiba, Ni Kuma Ina Tsokanarta Don Ta Dage

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Matata ta yi ƙiba sosai bayan haihuwarta ta uku, har likita ya ce tana da hawan jini, ya ɗora ta kan magani, ya ce lallai ta rage jiki. Sai ta kama azumin Litinin da Alhamis, ta ce ta samu lada ta samu lafiya. Wani abokina mai karatu ya ce yunwa kawai take sha, tunda ta haɗa Allah da wani abu a niyya, ni kuma na je na faɗa mata. Sannan don in zaburar da ita nakan tsokane ta in ce mata "buhun masara", wani lokaci a gaban yara. Dariya take yi, sai dai na lura ta daina cin abinci a gabana. Tana goyon ɗan wata biyar. Mene ne hukuncin azuminta, kuma akwai laifi a wasan da nake mata?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Azuminta ya inganta, kuma muna yi mata fatan lada. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne jimlar nan da ka rubuta kamar ba komai ba, cewa ta daina cin abinci a gabanka. Zan dawo kanta.

Maganar abokinka tana da asali. Ibnu Hazmin, malamin Andalus da ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, yana ganin wanda ya yi alwala da nufin sallah haɗe da nufin jin sanyi, alwalar ba ta isar masa. A kan irin wannan fahimta ake cewa duk wanda ya sa wata buƙata a cikin ibada ya ɓata ta. Amma ra'ayin yana da rauni, kuma malamin mazhabarmu ta Malikiyya, Imam Ƙarafi (ya rasu 684), ya warware shi a littafinsa Al-Furuƙ. Ya raba riya da haɗa manufa. Riya ita ce ka yi ibada don mutane su gani su girmama ka, wato ka kai wa mutum abin da yake na Allah. Mai neman lafiya kuwa ba wanda yake son ya burge da ibadarsa. Ƙarafi ya kawo misalin matarka ƙarara, wanda ya yi azumi don jikinsa ya yi lafiya alhali yana nufin azumin ma, ya ce wannan ba ya taɓa azuminsa. Hujjarsa ita ce Annabi (SAW) da kansa ya umarci saurayin da bai da halin aure da ya yi azumi don ya karya masa sha'awa. Da neman amfanin jiki yana ɓata azumi, ba zai nuna wa matasa wannan hanya ba. In an ce ai kame kai manufa ce ta addini, sai mu ce tsare lafiyar uwar 'ya'ya uku, wadda take son ta iya ruku'u da sujada ba tare da haki ba, shi ma addini ne. Kuma a aya ta 198 ta Suratul Baƙara Allah ya ɗauke laifi daga alhazan da suke kasuwanci a lokacin Hajji. Mutum ya saya ya sayar, Hajjinsa na nan.

Abin da ya rage shi ne yawan lada, kuma Imam Gazali ya ce ana duba manufar da ta fi ƙarfi a zuciya. To dubi matarka. Ƙishirwa ba ta narka kitse. Mai son rage jiki kawai zai wuni yana shan ruwa abinsa, ya zaɓi ranar da ta yi masa. Ita kuwa ta bar ruwa daga alfijir zuwa faɗuwar rana, ga goyo, ta kuma zaɓi ranakun sunna. Don wa ta bar ruwan in ba don Allah ba? Wanda bai da azumi shi ne wanda bai ƙulla niyyar ibada ba sam. Sai dai kada ka mayar wa abokinka martani da "ku yi azumi ku samu lafiya", hadisin mai rauni ne, kuma ba ma buƙatarsa. Izinin miji a azumin nafila kuwa, yardarka ta wadatar.

Goyon da maganin hawan jinin su ne suke iya sauya hukuncin. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, in aka haɗa da zafi da shayarwa jiki yana iya bushewa. Ta koma wurin likitan ta faɗa masa tana azumi. In ya hana, ko ta ga ruwan nono ya ja baya, ko jiri yana ɗibarta, ta ajiye azumin nafila har ta yaye. Shari'a ta yi wa mai shayarwa sauƙi a Ramadan ma, balle Litinin da Alhamis.

Yanzu ga wasanka. Haramun ne, ɗan'uwa, ka bari daga yau. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ka san ta, wadda ta hana yi wa juna izgili da kiran juna da munanan sunaye. Dariyar da take yi ba yarda ba ce, macen kirki tana dariya don ta rufa wa mijinta asiri a gaban 'ya'yansa. Yardarta ko rashinta a kwanon abinci za ka gani, kuma ka gani. Nana A'isha ta taɓa yi wa Nana Safiyya nuni da gajarta, a bayan idonta ma, Annabi (SAW) ya ce ta faɗi kalmar da in aka gauraya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi. Ita A'ishar kuma ta ba da labarin tseren da suka yi da Annabi (SAW): tana siririya ta tsere masa, da ta yi jiki suka sake ya tsere mata, ya yi dariya ya ce wannan ramuwar waccan ce. Ya ga ƙibarta, bai kira ta da wani suna ba, hanya ya kama da ita suka yi gudu tare. Kuma ka sani yaron da ya ji babansa yana ce wa uwarsa buhu, watarana zai faɗa mata, kai ka koya masa.

Wanda ake kunyatawa a kan jikinsa yakan koma ci a ɓoye, ci na baƙin ciki, kuma wannan ya fi sa ƙiba. Mu ne muke ɗura wa amarya abubuwa har da "sha ka fashe" don ta ciko kafin biki, mu ɗura wa mai jego kunun kanwa, in jikin ya zo kuma mu juya mu yi mata dariya. Wannan zalunci ne. Kanwar ma mai hawan jini ta nisance ta kamar yadda take rage gishiri da dunƙule.

Ka dawo da ita kan tabarma ɗaya da kai, ku ci abu ɗaya. Ba zai yiwu tana cin ganye da wake kai kana shigowa da dare da tsire da lemon kwalba ba, robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50. Ka karɓi jaririn, ko ku fita tare bayan La'asar, tafiyar minti 30 sau biyar a mako. Rage rabin kilo a mako ya ishi mai shayarwa, kuma mai kilo 90 in ta sauke biyar zuwa tara hawan jininta yakan fara sauka. Kada ka saya mata shayin rage tumbin da ake talla a waya, da yawansu filasko ne a ciki, gudawa suke sawa, ruwa ke fita kitsen na nan. In ta yi sati ta kasa, kada ka ƙirga mata loma, ka ce gobe ma rana ce. In kuma jikin ya fara sauka dangi suka fara cewa ta rame, ba ka ciyar da ita, kai za ka tsaya ka amsa musu, kada ka bar ta da su.

Yau da dare ka same ta ita kaɗai ka nemi gafararta. Ka faɗa mata maganar da ka kawo mata a kan azuminta kuskure ce, ka kuma faɗa wa yaran cewa sunan nan ba a sake faɗarsa a gidan. Abokinka ma ka kai masa wannan amsa, don kada ya faɗa wa wani mijin.

Wallahu a'alam.