Kifin da Ake Zuba Mana da Hunturu: Amsa ga Kawu a Yawuri

Kawu, barka da war haka, da fatan iyali da jikoki duk suna lafiya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Saƙonka ya iso, kuma na ji tambayar da ka yi bayan ka ga hoton yaranmu riƙe da kifi a bakin tafki. Ka ce an gaya maka wai gwamnati ce ke ɗauko kifin a mota ta juye cikin ruwa, mu kuma mu biya kuɗi mu je mu kama, kuma a mayar mana da ƙa'idar biyar kacal. Ka ce in haka ne, me ya hana a miƙa mana kifin a hannu a huta? Wanda ya ba ka labarin bai yi ƙarya ba, haka ake yi. Tambayar kuwa ta mai sanin ruwa ce, don haka zan ba ka amsa a tsanake.

Kifin sunansa tirawut. Asalinsa daga kogunan da ke gangarawa tekun Fasifik ne, tun daga Alaska har arewacin Meziko, da wani yanki na gabashin Rasha. Jikinsa dogo ne da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, da ratsin ja-ja a gefe daga kai zuwa wutsiya. Ruwan sanyi yake so, mai iska sosai a cikinsa. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 21 sai ya fara galabaita, in ya kai wajen 25 kuwa mutuwa yake yi. Nan jihar Teksas ta ƙasar Amurka da muke, zafin bazara yana wuce digiri 35 a garinmu Hustan, saboda haka ba zai iya shekara a tafkunanmu ba. Wuri ɗaya da ya shahara da riƙe shi duk shekara shi ne kogin Gwadalupe, ƙasa da madatsar Kanyon, domin ruwan da ake saki daga ƙasan madatsar yana fitowa da sanyinsa ko da rani.

To, hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta jiha ce ke sayo kifin daga gonakin kiwo a jihar Mizuri, ta ajiye a wuraren kiwonta, sannan daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa farkon Maris ta riƙa rarrabawa. Fiye da dubu 300 ake zubawa duk hunturu, a wurare sama da 100. Akwai wasu ƙananan tafkuna na cikin unguwanni da aka ware, waɗanda ake zuba wa kifi duk bayan mako biyu. Wanda mutanenmu suka fi zuwa shi ne na lambun shaƙatawa na Mary Jo Peckham da ke garin Keti, yamma da Hustan. Ana wallafa ranakun zubawa a intanet tun kafin lokaci, kowa ya gani. Mota ce mai tankin ruwa take zuwa, a buɗe bututu, kifi ya kwararo cikin tafki mutane na tsaye suna kallo. Girman kowanne bai cika wuce tsawon tafin hannu da rabi ba.

Maganar kuɗi kuwa, ba kyauta ce daga aljihun gwamna ba. Baligi mazaunin jiha yakan yanki lasisin kamun kifin ruwan daɗi, dala 30, wanda ke ƙarewa ranar 31 ga Agusta kowace shekara. Yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya buƙatar lasisi. Bayan wannan akwai wata dokar tarayya tun 1950 da ta ɗora haraji a kan kayan fatsa, ana tara kuɗin a rarraba wa jihohi don gyaran ruwa da kiwon kifi. Ke nan mai fatsa shi ke sayen kifin da yake kamawa, da kuɗin lasisinsa da kuɗin ƙugiyarsa. Wannan ya sa in mutum ya ga wani yana ɗibar fiye da ƙima, ba ya kawar da kai, don ya san rabonsa ake ci.

Dokokin za su ba ka mamaki, kai da ka tashi da taru da birgi da mamari. A waɗannan tafkuna na unguwa fatsa kaɗai aka yarda da ita, sanda biyu iyaka ga mutum ɗaya. Ba a jefa birgi a kan wannan kifi, ba a shimfiɗa raga, ba a kafa tarko. Kifi biyar a rana ga kowane mutum, kuma haramun ne a sayar. Jami'an hukumar suna zagayawa, su nemi lasisi, su leƙa bokiti su ƙirga. Tarar ƙaramin laifi tana kamawa daga dala 25 zuwa 500. Duk baƙon da ya sauka cikinmu daga gida, musamman in ɗan bakin ruwa ne, abin da muke fara gaya masa ke nan kafin mu ɗauke shi, domin hannunsa ya saba da cewa kifin da Allah ya kawo gabanka naka ne. Mutumin da takardun zamansa ba su gama daidaita ba, bai kamata ya jawo wa kansa rubutun laifi a kan kifi na shida ba. Mun ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai.

Ni dai ban ga baƙon abu a cikin ƙa'idar ba. A Argungu ma ai ana hana taɓa kogin Matan Fada har sai ranar da aka ba da izini, Sarkin Ruwa ya duba ruwa, sannan masunta su faɗa da koma da gora. Tun 1934 ake bikin kamun kifin a siffarsa ta yanzu, kuma hanin ne ke sa a samu giwan ruwan da ake zuwa kallo daga ko'ina. Kakanninmu sun san ruwan da kowa ke da haƙƙi a cikinsa sai an tsare shi. Bambancin kawai, a can ana jiran kifi ya girma da kansa, a nan kuwa kawo shi ake yi.

Yanzu ga ainihin tambayarka, me ya hana a ba mu a hannu. In don ciki ne, Kawu, gaskiyarka. Wanda ya lissafa kuɗin lasisi da sanda da man mota zai ga kifin kanti ya fi araha. Amma ba cefane ke kai mu can ba. Yaranmu da aka haifa a nan sun taso cikin gida a rufe, daga makaranta sai waya, kifi kuma sun san shi ne a yanke cikin leda. Hunturu yana ƙara kulle mutane, rana tana faɗuwa kafin biyar da rabi na yamma a watan Disamba, maƙwabci bai san halin da maƙwabci ke ciki ba. Wannan tafkin ne wurin da uba zai zauna kusa da ɗansa awa uku babu abin da ya shiga tsakaninsu, ya koya masa ɗaure ƙugiya, ya koya masa jira, ya koya masa yin bismilla kafin jifa. Da yawanmu a nan ne yaran suka fara tambayar yadda muka taso, wane kifi ne a koginmu, waye kakansu. Na taɓa jin wani yaro yana tambayar babansa da Hausa ko kakansa ma yana tsoron taɓa tana, uban ya kwashe labarin Yawuri da kwale-kwale ya ba shi. Irin wannan hirar ba ta tasowa a falo gaban talabijin. Kuma da yake kifin gona ne, bai san wayo ba, yaro ɗan shekara shida ma yakan kama a zuwan farko, abin da ke sa gobe ya ce a koma.

Yadda muke yi, Asabar ɗin da ta biyo bayan zubawa ake sanarwa a zauren WhatsApp na 'yan uwa. Bayan asuba ake fita, domin da sanyin safiya kifin ya fi cin ƙoto, kuma kwanakin farko sun fi albarka kafin mutane da tsuntsayen ruwa su rage shi. Mata suna zuwa da shayi da kunun gyaɗa a filas, da ƙosai in an samu mai himma, kuma da yawansu suna jefa fatsa da kansu, abin da na san zai zama sabo a wajenka. Kowa da rigar sanyi da hula da safar hannu. In azahar ta riske mu, a shimfiɗa darduma kan ciyawa a yi jam'i, ba wanda ke tanka mana.

Ƙoton ma daban yake. Da yake an raine shi da dunƙulallen abincin gona, yana son ƙwayar masarar gwangwani, da cuku, da tana, da wani ƙulli mai launi da ake sayarwa, PowerBait. Zare siriri ake sawa da ƙaramar ƙugiya da 'yar dalma, don idonsa na da kaifi, in ya ga zare mai kauri sai ya kauce. Wasu Turawa suna amfani da wata alewa fara mai laushi, amma yawancinmu mun bar ta saboda akan haɗa ta da sinadarin da aka samo daga alade. Shi kansa kifin babu wata shubuha a cinsa.

Ka ji ana cewa Turawa suna kama kifi su sake. Suna yi, a kan wasu kifaye da wasu ruwaye. Amma wannan na tafkin unguwa hukuma da kanta take ƙarfafa mutane su tafi da shi gida, tunda wanda ya rage zafi zai kashe shi kafin bazara ta yi nisa. Mu kam ba ma saki, sai in mutum ya cika biyar ɗinsa. Wanda ya cika yakan naɗe sandarsa ya koma taya yara. Iyalin da suka zo da yawa suka samu fiye da buƙata, suna aika wa tsofaffi da ɗalibai da matar da ta haihu.

A baki kuwa, ba zan ɓoye maka ba, bai kai ƙarfasar Kainji ɗanɗano ba, balle tarwaɗa. Namansa laushi gare shi, ba ƙarni sosai, ƙayoyinsa sirara ne amma suna fita tare da ƙashin baya in ya dahu. A farfesu saurin narkewa yake yi, sai an saka shi daga ƙarshe. Ya fi daɗi a tsaga shi a shafe da yajin ƙuli da citta da tafarnuwa a gasa, ko a soya a ci da dafa-duka.

Daga watan Afrilu, in ruwa ya yi ɗumi, hukumar tana sauya kifi, ta koma zuba wata irin tarwaɗa ta nan ƙasar a waɗannan tafkunan har zuwa kaka, ban da tsakiyar zafi. Ita ce muke son mu gwada yi wa banda bana, amma cikin matasanmu babu wanda ya iya yadda ya kamata. Don Allah, Kawu, ka yi mana saƙon murya ka bayyana yadda ake lanƙwasa ta, da irin itacen da ya dace, da tsawon lokacin da take yi kan wuta, zan kunna wa yara su ji daga bakinka. A gaida Inna da su Yaya, da duk mutanen gida.