Amsoshin Malam: Yadda Ake Ambaton Sunan Fankshin Cikin Bayanin Hausa

Wasiƙun wannan mako daga Legas suka fito, yawancinsu daga yaranmu masu rubuta manhaja. Fankshin dai gungun umarni ne a cikin manhaja, wanda ake ba suna don a riƙa kiransa ya yi wani aiki.

Malam, ina rubuta bayanin manhajata da Hausa. Akwai fankshin mai suna `tura_sako`. Zan iya rubuta "tura_sakon" ko "tura_sakonmu" idan jimla ta nemi haka? (Wani matashi, Yaba)

A'a ɗana, kada ka taɓa jikin sunan. Wanda ya zo bayanka zai kwafi abin da ka rubuta ya nema a cikin manhajar, kuma kwamfuta ba ta san harafin nasaba ba, a wurinta `tura_sako` da `tura_sakon` abu biyu ne daban. Ƙa'idar rubutun bayanai ta Google ma ta hana a liƙa wa irin waɗannan sunaye alamar jam'i ko ta mallaka. Mu kuwa Hausa ta riga ta tanadar mana mafita, wato "ɗin", wadda muke jinginawa bayan kalmar da ba ta karɓar ɗafi, kamar bas ɗin, fensir ɗin. Sai ka ce `tura_sako` ɗin nan, ko `tura_sako` ɗinmu.

Amma sunan naka ya tsaya mini a rai. Saƙo kake nufi, ka rubuta sako, alhali "sako" aikatau ne: ya sako akuya, an sako ruwa. Na san uzurin da za a kawo, wai kwamfuta ba ta karɓar lanƙwasa. Amma yaren kwamfuta na Python 3, wanda ya fito a 2008, yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin sunaye. Duk da haka, idan abokan aikinka Yarbawa da Ibo ne, allon rubutunsu ba shi da waɗannan baƙaƙe, ba laifi ku bar sunan fankshin babu lanƙwasa, kuma duk inda ka ambace shi ka kwafe shi yadda yake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki wannan rangwame a shimfiɗa shi a kan jimlar bayanin gaba ɗaya. Na sha karanta "wannan yana kara kudin" ina neman ko kara ake nufi ko ƙara, "fada" ta sarki ko faɗa. Tun shekarun 1930 waɗannan baƙaƙe suka shiga rubutun boko, yau kuma a wayar hannu danna harafi kawai za ka yi ka riƙe idan ka sa allon Hausa. Mai iya haddace ƙa'idojin yaren kwamfuta uku bai kamata ya kasa da baƙaƙe uku na harshen uwarsa ba.

Malam, fankshin namiji ne ko mace? (Wata ɗaliba, Agege)

Namiji, 'yata, kamar injin. Kwamfuta da manhaja ne mata, don sun ƙare da "a". Ki ce fankshin ya dawo da amsa.

Dole ne a sa baka biyu, wato (), bayan sunan fankshin? (Mai gyaran waya, Ikeja)

Su kansu masu abin sun rabu. Masu rubuta bayanan ƙwayar Linux, wato zuciyar wannan babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, suna sa baka biyu babu komai a ciki, su rubuta printk(), har na'urar shirya bayanan takan gane sunan ta haɗa shi da inda aka yi sharhinsa. Ƙa'idojin GNU kuwa, wani shirin samar da manhaja mai 'yanci, sun hana, hujjarsu ita ce suna da baka biyu kiran fankshin ne, ba fankshin ɗin kansa ba. A littattafan jagora na Unix kuma, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, za ka ga printf(3), inda lambar ke nuna sashen littafin. Idan ka shiga aikin wasu, bi al'adar gidan. Idan naka ne kuma sunayen na Hausa ne, ni na fi son a sa, domin sunayenmu kalmomin yau da kullum ne. "Kira duba kafin ajiye" zai rikita kowa, amma "kira duba() kafin ajiye()" ya fito fili.

Mene ne ma'anar "suna linzami ne"? (Wani dattijo, Idi-Araba)

Ranka ya daɗe, da linzami ake juya doki, da suna kuma ake juyo da mutum: ko yana tsakiyar kasuwar Mile 12, ka kira sunansa sai ya waiwayo. Wasu kuma suna fassara shi da cewa suna yana jan mai shi zuwa ga halinsa, shi ya sa ake zaɓa wa jariri mai kyau.

Idan sunan fankshin ya zo a farkon jimla, in fara shi da babban baƙi? (Obalende)

Kada ka yi, domin yawancin yarukan kwamfuta suna bambanta babban baƙi da ƙarami. Sake gina jimlar: "Fankshin ɗin `duba` yana tantance lambar waya."