Na sa "an kwafo" a ƙasan rubutun, ashe bai wadatar ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ina ɗan taɓa rubutu a kan tarbiyyar yara, kwanaki na ga rubutun wata baiwar Allah ya burge ni sai na ɗauko shi gaba ɗaya na tura ma mutanena, a ƙasa na sa "an kwafo" don kar a ce nawa ne. Sai ga saƙonta ranta a ɓace wai na mata satar fasaha. Dan Allah ina laifina tunda ban ce ni na rubuta ba? Kuma wani lokacin ina fassaro abu daga Turanci, shi ma sai na faɗi mai shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yarda ba da mugun nufi kika yi ba, amma gaskiya baiwar Allahn nan tana da hujja. "An kwafo" ɗin nan ke kaɗai ya wanke, ita bai mata komai ba, kin faɗa ma mutane ba naki bane amma baki faɗa musu na waye ba, toh wanda ya karanta ya ji daɗi ina zai same ta ya karanta sauran rubutunta? Kuma kin san yadda abin yake, mutum na uku zai goge "an kwafo" ɗin, na biyar ya liƙa sunansa, kafin sati ɗaya rubutun ya zagayo wajen mai shi da sunan wani a kai. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Na daɗe ina gyara ma marubuta aiki, na ga wadda ta bar rubutu kwata-kwata saboda wannan, wallahi abin yana min ciwo har yanzu.

Mu fa ba baƙin al'amarin nan bane. Malamanmu na da in zasu ciro maganar wani a littafi sai su ce wane ya ce a littafi kaza, su kawo maganar yadda take, in ta ƙare su rubuta "intaha", wato nan maganarsa ta tsaya, daga nan tawa ce. Duk ilimin hadisi ma a kan wa ya faɗa ma wa aka gina shi, har Abdullahi ɗan Mubarak yake cewa isnadi yana cikin addini. Ko a hira ai "in ji wane" muke cewa. Irin haka ake so ki yi: sunan marubuciyar, sunan rubutun, inda kika gan shi, sannan ki sa maganarta cikin alamar zance ta yadda mai karatu zai gane inda ta fara da inda ta ƙare. Kar ki gyara mata kalma ko ɗaya a ciki, in kin yanke wani wuri ki sa ɗigo uku, kuma ki kula kar yankan ya juya mata ma'ana, don wannan ya fi cire suna muni, kin sa mata magana a baki kenan.

Sai abu na biyu da mutane da yawa basu sani ba, faɗin suna daban neman izini daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yarda ki ciro ɗan gajeren yanki, ko don sharhi ko nazari, ki ambaci mai shi. Bata ƙayyade kalma nawa ba, ana duba yawan abin da aka ɗauka ne da dalilin ɗaukar da kuma ko zai kashe ma mai shi kasuwa. Ke kuwa duka kika kwashe, toh ko da kin sa sunanta sai da yardarta. Kuma ba sai ta yi rajista ba, tana rubutawa haƙƙin ya zama nata, yana nan har shekara 70 bayan rasuwarta. Masu karanta littattafan mutane a YouTube suna karɓar kuɗi ba tare da sun tambaya ba, su ma nan suka faɗa.

Fassara kuma eh, sai kin faɗi mai shi, canza harshe baya canza mai magana, ki rubuta wane ne ya rubuta ke kika fassara, in duka rubutun ne ki nemi izini. In kuma ra'ayinsa kawai kika ɗauka kika faɗa da kalmominki doka bata kama ki ba, amma amana ta ce ki ambace shi. Karin magana kam na kowa ne.

In kin nemi mai rubutu kin rasa, ki ɗauki jimla ɗaya ki bincika a Google ko Facebook, sau da yawa zai fito, in bai fito ba ki rubuta a fili cewa baki san marubucin ba, wanda ya sani ya sanar da ke.

Yanzu dai ki koma mata ki bata haƙuri ba tare da kare kai ba, ki tambaye ta ko ki goge ne ko ki sake turawa da sunanta a sama, duk wanda ta zaɓa ki yi, kuma ki tura gyaran duk wuraren da kika tura na farko.